Benen da na aiko miki a kati

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Mu nan Kontagora lafiya lau. Ba yabon kai ba, bana na ƙara tirela ta huɗu.

Inna, jiya jikarki Bilkisu ta buɗe adakarki, ta ciro katin nan da na aiko miki daga Legas, mai hoton bene hawa ashirin. A bayansa na rubuta, "Ga inda nake." Kuma can ɗin nake, a gindinsa nake kwana kan kwali, ni da sauran 'yan dako.

Ke kuwa kika kafa shi a tsakiyar jeren kwanukanki. Duk matar garinmu Salka da ta shigo sai ta goge hannu kafin ta taɓa. Har tagar ɗakina kike nuna musu, ta bakwai daga sama. Da na zo gida da sallah, Gwaggo Asabe ta tambaye ni yadda nake hawa can da butar alwala. Na ce mata sabo ne.

Shekara talatin abin nan yana cina. Na gina benen gaske, hawa biyu, ko harsashinsa ba ki gani ba.

Yau da safe na kai katin wurin Ticha Danjuma, mai karanta miki wasiƙu. Ya tsufa, amma sai da ya yi dariya har da tari. Ya ce tun ranar farko ya karanta miki ƙaramin rubutun da ke ƙasa, cewa ginin banki ne. Wai kika ce, "Na sani, Ticha. Yaron da ya iya zaɓen gida haka zai gina nasa. Kai dai ka yi shiru."

Na dawo na zauna ina ta kallon katin. Shuɗin samansa ya koɗe, gefensa ya yi laushi kamar tsohon zane, ga tabon manja daidai inda yatsanki yake sauka. Hoton teku da na sayo a Abuja da ɗan karen tsada bai kama ƙafarsa ba. Na sa an sauke shi daga falo, kati ya hau. Duk baƙon da ya tambaya, labarin kwalin da nake kwana a kai zan fara ba shi.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya haskaka makwancinki. Ya yafe mana ni da ke da Ticha, tunda ashe mu uku ne a ciki.

Ɗanki,
Alhaji Sule, a wurinki dai Sulele