Kalilu Ya Ƙi Ci a Hannuna

Litinin, 5 ga Afrilu, 2010
Ba na manta ranar da maigida ya dawo daga Nijar da yaro ɗaure a bayansa kan babur. Kalilu, ɗan ƙanwarsa da ta rasu, bai cika shekara biyu ba. Gero ya ƙi a can kamar nan, uban ya tafi cirani. Tun ranar, tsiren da ake kawo mini sai an fara yagar wa Kalilu. Ko lallen aurena bai gama fita ba. A littattafaina na soyayya ba a yi wa amarya haka.

Alhamis, 15 ga Afrilu
Ina ajiye masa kunu a gabansa in koma karatuna. In ya sha, ya sha. Ban taɓa dukansa ba, Allah shaida.

Asabar, 1 ga Mayu
Ashe kaji ke shanye kunun.

Alhamis, 6 ga Mayu
Asibitin unguwa. Malama Kadijatu, ma'aikaciyar lafiya, ta auna dantsensa, awon ya tsaya kan ja. Tamowa ce. Ta ba ni madarar gyaɗa in ba shi a gabanta. Ya kau da kai. Ta ɗora shi kan cinya, "Haba angona, fushi mu kai?" Sai ga shi yana lasar har yatsunta. A gaban mata!

Da ma faɗa ta yi mini. A hankali ta ce, "Amarya, wanga yaro bai san fuskarki ba. Wa ka zama da shi in shina ci?"

Juma'a, 7 ga Mayu
Maigida: "Malamar nan hannunta da albarka." Nawa hannun da ke tuƙa masa tuwo fa?

Laraba, 12 ga Mayu
Ta biyo mu har gida. Yana ganinta ya miƙa hannu. Ni bai taɓa ba. Ta ce in bai ƙaru ba, dole a samo mai zama da shi. Inna, uwar maigida, ta ce a kai shi ƙauyen Turba wurin gwaggonsa. Gwaggon da rumbunta ba ko zangarniya, ga nata 'ya'yan.

Lahadi, 16 ga Mayu
Na rufe ƙofa na gwada. Cinya, "angona", duk yadda Malama ta yi. Ya tofar. Na yi kuka, shi ma ya yi.

Talata, 18 ga Mayu
Ya ci rabin madarar gyaɗar, yana riƙe da ɗan kunnena. Yana da wani ɗan tabo bayan wuya, ban taɓa gani ba.

Laraba, 26 ga Mayu
Inna ta aiko mai babur ya kai shi Turba. Ba wai wani abu ba, kawai ba na so Malama ta ce na kasa. Kuma can wa ya san sai an hura masa cokali ko da abin ba zafi?

Na ce wa mai babur ya koma. Kalilu ba ya zuwa Turba. Gobe ni za ni kai shi awo.