Dankalin Suwidin da Surukan Gozaki

Gwaggo Raudatu, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar ta sama, domin in ba haka ba dankalin turawa zai zubar mini da mutuncin da na yi shekara ashirin da shida ina tarawa a bakin murhu.

Ni matar aure ce a Malumfashi. Ba yabon kai ba, duk unguwarmu in ana biki ko suna, ni ake kira in tsaya a kan tukunyar miya. Maigidana malamin gona ne, mutumin kirki, bai taɓa raina girkina ba. Bara ofishinsu ya tura shi ƙasar Suwidin kwas ɗin mako uku a kan irin shuka. Mako uku fa, Gwaggo, ko kaza ba ta gama ƙyanƙyasa ba. Amma tun da ya dawo ba mu sake shan ruwa da daɗi ba. Komai aka yi sai ya ce a can ba haka ake yi ba. A can ba a shara da tsintsiya, a can ba a cika gishiri, a can ba a ɗaga murya. Har yara sun sa masa suna Baba A-can, ina kwaɓarsu a gabansa, in shiga ɗaki in yi dariyata.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar masifar ita ce wani abinci da ya ce shi ne abincin manyan mutanen can: dankalin turawa da aka yanka ƙanana aka dafa cikin madara, fari fat, babu manja, babu attaruhu, babu komai. Ya ce shi ya ci safe da yamma har ya dawo. Na tausaya masa kam, don ranar da ya sauka wandonsa sai da ya ƙara huda bel kafin ya zauna a ƙugunsa. Ya ce naman da ake ba su bai yarda da shi ba, yana tsoron alade, kifinsu kuma ja ne kamar ba a dafa ba, shi ya sa bai taɓa ko ɗaya ba. Bai ga yadda ake girkin ba, hoto kawai ya ɗauko a waya: ga dankalin a gefe ɗaya na faranti, ɗaya gefen fayau. Da wannan hoton ake so in yi aiki.

Karon farko na sayi nono wurin Hajjo, Bafulatanar da ke kawo mana, na zuba a kan dankalin na ɗora a wuta. Nan take ya tsinke, ruwa gefe, gudaji gefe, kamar awarar da ta ƙi kamawa. Ya leƙa tukunya ya girgiza kai ya ce ilimi daban ne. Ni ake gaya wa ilimi a kan tukunya! Karo na biyu na yi da madarar gari, amma zuciyata ta kasa ganin abinci fari kamar likkafani, sai na jefa albasa da attaruhu da ɗan daddawa. Yara suka suɗe kwano har suna neman ƙari. Shi kuwa ya ce na mayar da abincin Turawa faten dankali, na ci amanar hoto. Karo na uku na yi masa yadda yake so, fari sol. Na aika wa Inna mahaifiyarsa nata, sai ta aiko a tambaye ni wa ke kwance a gidan da ba a gaya mata ba. Shi ya ci cokali shida yana lumshe ido yana cewa ya tuna can. Da safe kuma na same shi a tsaye a kicin yana cin ɗumamen tuwon jiya da hannu, ya ce wai don kada a yi almubazzaranci ne.

To ga inda gizo ke saƙa. 'Yarmu Naja'atu, wadda ke aikin jinya, ta sami miji, yaro mai hankali, Zubair, ɗan Gozaki. Ranar Asabar ta sama baffanninsa da gwaggonninsa za su zo gaisuwa da sa rana. Maigida ya kafa doka cewa ranar ba tuwo, ba miya, wannan dankalin za a kai wa baƙi, don su san gidan wayayyu suka zo neman aure. Gwaggo, mutanen Gozaki fa! Mutanen da ke noma dawa rumbu-rumbu, waɗanda in ba su ci tuwo ba sai su ce sun kwana da yunwa. Kin san kuma gwaggonnin ango ba amarya suke zuwa gani ba, miyar uwarta suke zuwa ɗanɗanawa. In suka koma suka ce gidan su Naja'atu kunun dankali ake ba baƙo, da wane ido za ta zauna a cikinsu? Yarinyar ta yi kuka, ta ce in je in roƙi babanta. Na roƙa, ya ce ƙauyanci ne ke damunmu.

Wallahi raina ya ɓaci, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne tunanin ko tuwon da na yi shekaru ina tuƙa masa dama haƙuri yake yi da shi. In saɓa masa in tuƙa, na kunyata shi gaban surukai. In bi shi, na kunyata 'yata da kaina. Ki gaya mini yadda zan yi, in kuma akwai yadda ake dafa wannan abin ya zama abinci, ki koya mini.

Taki,
Mai Muciya, Malumfashi

*

Mai Muciya, wa alaikumus salam. Share hawayenki, matsalarki ba ta kai tsawon wasiƙarki ba.

Da na karanta sai na kira wata ƙanwata da ta yi shekara goma sha ɗaya tana aure a ƙasar Suwidin, na kwatanta mata abincin. Sai da ta gama dariya sannan ta ce ta san shi sarai, tsohon girkinsu ne, kuma yana da daɗi in an iya. Amma ba shi ne abincin ba, ɗan rakiya ne. A gefen faranti ake zuba shi, kusa da kifi mai hayaƙi ko naman da suke ɗurawa a hanji, wanda galibi da alade a ciki. Koma ki sake duba hoton nan. Gefen da kika gani fayau, nan ne mazaunin naman da maigidanki ya ce a ɗauke masa. Wato bawan Allah ya yi mako uku yana cin ɗan rakiya ba tare da ango ba, ya dawo yana shelar cewa ya ci abincin manya. Da babu gara ba daɗi ya ci, ya rame, yanzu kuma yana so ya ɗora wa mutanen Gozaki irin wannan azumin.

Sai dai ki yi masa adalci. Mutumin da ya zaɓi yunwa a ƙasar da babu mai ganinsa don kada haram ta shiga cikinsa, ya cancanci a girmama shi. Kuma ba tuwonki ya tsana ba. Wanda ya tsani tuwo ba ya laɓewa a kicin da sassafe yana yi wa ɗumame wa'azin almubazzaranci. Tafiyar nan ita ce babban abin da ya taɓa samunsa a wurin aiki, yana so a tambaye shi labari, ku kuma kun sa masa suna kuna dariya a ɗaki. Da ya rasa mai sauraro sai ya mayar da dankali lasifika.

Ke ma ban wanke ki ba. Macen da ake kira ta tsaya a kan tukunyar biki ba ta san nono mai tsami yana tsinkewa a wuta ba? Kin sani, Hajjo ma ta sani. Kin dafa ne don ya lalace, a ce abin ba ya dafuwa. Ki bar wannan wayon, ki dafa shi da gaske sau ɗaya. Ki ce Hajjo ta kawo miki madarar da aka tatso da safe, wadda ba ta kwana ba. Ki dafa dankalin ya yi laushi amma kada ya farfashe, ki yanka ƙanana. Ki narka man shanu a tukunya, ki zuba fulawa cokali biyu ki juya, ki riƙa tsiyaya madarar kaɗan-kaɗan kina juyawa a wuta marar ƙarfi har ta yi kauri. Sai gishiri, ɗan masoro da gyaɗar ƙamshi, sannan dankalin ya shiga ya ɗan turara. Su suna yayyafa wani ganye mai ƙamshi a kai, ke lawashi ya ishe ki. Ki ɓoye attaruhun a inda hannunki ba zai kai ba.

Sannan ki same shi ku biyu, ba gaban yara ba, ba gaban Inna ba. Ki ajiye masa wannan, ki ce ya ba ki labarin can, ki saurara har ƙarshe ko da kin ji shi sau goma. In ya yi laushi, ki tambaye shi cikin ladabi me ke cikin farantin sauran mutanen da suka ci tare. Kada ki ƙara ko kalma, zai tuna da kansa. Daga nan ki ce kin amince a yi wa baƙi irin na can, amma cikakke, don tuwon girma miyarsa nama. Shi ya kawo zabbi ko cinyar rago a soya, ke ki zuba dankalin a ƙaramin kwano a gefe, inda masu shi ma suke ajiye shi. Tuwon dawa da miyarki kuma su zauna a tsakiya, domin ranar ta Naja'atu ce, ba ranar ba da rahoton kwas ba ce. Gwaggonni za su ɗanɗana su tambaya, shi kuma ya sami masu sauraron da yake nema, kowa ya tashi da mutuncinsa.

In kuwa ya dage sai dankali tsura, to kada ki yi musu. Ki cika masa faranti shi kaɗai har ya yi tozo, ki ajiye malmalar tuwo gaban baƙi, ƙamshin miyarki yana tashi, ki koma gefe ki ga hannun wa zai fara ɓata hanya.

Allah ya sanya alheri a auren Naja'atu da Zubair, ya bar ki da muciyarki, ya kuma dawo mana da Baba A-can gida gaba ɗaya.

Gwaggo Raudatu