Layin Baba Ya Yi Tas

Litinin, 4 ga Satumba

Baba ya kira daga hanya. An saka masa na'ura a babbar motar, yana magana hannuwansa na kan sitiyari. Na ce "Ina wuni, Baba," sai na ji wata yarinya ta maimaita, murya kamar ta kazar da ruwa ya daka. Ashe ni ce. Haka nake? Na miƙa wa Mama wayar.

Takardar shiga sakandare na ƙarƙashin katifa. Malama ta ce sai da yardar uba, ko ta waya ce. Ranar 15 za a rufe.

Alhamis, 7 ga Satumba

Baba ya kira, na fara. "Baba, dama makaranta..." Kalmar ta dawo min kunne, na haɗiye sauran. Ga ƙarar inji kamar ana niƙa. Ya ce me? Na ce ba komai.

Yaya ya ce ni da bango ɗaya muke, gara ma bango ana jingina da shi.

Lahadi, 10 ga Satumba

Baba ya biya garejin Kawu, mai gyaran wayarin mota, amma bai shigo gida ba, kaya na jiransa. Kawu ya kira ya ce yana son wanda zai yi ta surutu daga nan har ya gama saiti. Mama na wa jariri wanka, Yaya ya fice. Saura ni.

Kawu ya ce muryata na fita ta lasifikar motar ta sake shiga makirfo, shi ne take dawo min. Ya ce ya matsar da makirfon sama kusa da madubi, ina jin yana ta danne-danne a kwamfuta. "Yi ta magana, 'yar Kawu, sai na'urar ta san muryarki kafin ta iya goge amsa-kuwwar." Ban san me zan ce ba, na karanta masa jikin gwangwanin madara. Sau huɗu. A na uku yarinyar nan ta fara nisa, a na huɗu ta tafi.

Sai rage ƙarar inji. Da ya cika ragewa Baba ya koma kamar mai magana cikin randa. Kawu ya ce wa Baba, "Yaya, ka faɗa rijiya ne?" Suka yi ta dariya. Ya sassauta kaɗan, ya ce yanzu ko allura ta faɗi a motar zan ji.

Talata, 12 ga Satumba

Na faɗa wa Baba maganar makaranta. Duka, ban tsaya ba, har ranar rufewa.

Shiru. Da can zan ce inji ne ya cinye maganar. Yanzu har numfashinsa ina ji, da ƙyas-ƙyas ɗin sigina. Ya ce, "Wa zai riƙe wa Mamanki jariri? Bari dai baɗi."

Bara ma baɗi ya ce.

Juma'a, 15 ga Satumba

An rufe. Na wanke zannuwan goyo guda bakwai.

Lahadi, 17 ga Satumba

Baba ya kira da rana, Mama na kicin, na ɗauka. Ya ce ya saya min takalmi, lamba nawa nake sakawa yanzu. Na ce, "Baba, ba na jinka." Ya ɗaga murya. Na sake cewa ba na ji, na kashe.

Mama ta leƙo ta ce na'urar ce kuma? Na ce wataƙila. Layin kuwa tas yake.