Hannun da Ke Riƙe da Sarkin Sauri

Zuwa ga matata, uwar Lauya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya gida, ya ɗinki, ya ciwon bayan nan naki? Ya Lauya da makaranta? Ki gaishe mini da Inna da kyau. Ni lafiyata ƙalau, sai dai tsohon tabon nan na hannun dama, wanda na samu ranar da Lauya tana rarrafe ta ja wayar dutsen guga na cafe shi kafin ya faɗo mata. Tururin wurin nan yana sa shi ƙaiƙayi, amma ba wani abu ba ne.

Kada ki yi mamakin ganin rubutu alhali ga waya. In na kira, Lauya tana manne da kafaɗarki, kuma kin san ba banza muka sa mata wannan suna ba. Zan ɗauki hoton takardar in turo miki, ki karanta ki goge.

Maganar Sarkin Sauri ce, kunkurun nan da kika ɗinka mata da ragowar yadi, mai ido ɗaya baƙin maɓalli ɗaya ja. Kin tuna ranar da zan taho ta cusa shi a jakata, ta ce tunda jirgi zan hau in kai shi ya ga duniya? To ni tun da na sauka, duniyar da na gani ita ce ɗakin wanki na otal ɗin nan, hawa biyu a ƙarƙashin ƙasa, ba taga ko ɗaya. Injin wanki shida, na busarwa huɗu, teburin guga uku, nawa ne na bakin ƙofa. Jirage suna wucewa ta samanmu amma ba ma ganinsu, sai dai mu ji hangar rataye kaya tana kaɗawa a jikin ƙarfe.

Ma'aikatan jirgi ne suka fi kwana a otal ɗin. Ran nan wata daga cikinsu, muna ce mata Mai Murmushi, ta sauko da kanta a gurguje, maɓallin kwat ɗinta ya cire. Ina cikin maƙala mata sai ta hango Sarkin Sauri zaune kusa da kwalbar sitaci. Na yi mata bayani da guntun yaren da na iya, sauran na cika da hannu. Ta yi dariya har da ƙwalla, ta jefa shi a jakarta, ta nuna mini yatsu huɗu, wai kwana huɗu. Wallahi na bi ta da kallo kamar wanda aka ɗauke wa ɗa.

Kwana biyu sai ga hoto. Ke kin gani ai: Sarkin Sauri a gaban wata doguwar hasumiya fara wadda ta karkace gefe guda kamar za ta kwanta. Ni abin da nake so in sani, wane magini ne ya yi wannan aiki, kuma me mai ginin ya ce masa ranar da aka gama? Mai Murmushi ta ce shekara ɗaruruwa ke nan tana haka, kuma karkatar ce ma ake zuwa kallo. Ikon Allah! Ni da zan goge wando layinsa ya karkace haka, da Manaja ya nuna mini hanyar waje.

Ga inda na yi kuskure. Na turo muku hoton ban ce komai ba. Sai ga muryar Lauya tana tsalle tana ihu wai Babanta ya je gidan da ya karkace. Ta tambaye ni ko da gaske na je, na ce eh. Daɗin muryarta ne ya ruɗe ni. Yanzu hotuna uku ke nan, eh ɗin nan kuma tana ƙara nauyi a ƙirjina. Don Allah kada ki gaya mata tukuna, bari in nemo bakin zaren.

Ki kula mini da kanki. Ina kewarku fiye da yadda takarda za ta ɗauka.

Mijinki,
Mai Guga

*

Zuwa ga uwar Lauya,

Sallama da gaisuwa irin ta mai kewa. Ina fata bayan ya yi sauƙi, kuma kin daina zama kan keken ɗinki tun safe har yamma ba miƙewa. Ya Inna, ya maƙwabta? Na ga saƙonki, na kuma ji faɗan da kika yi mini. Na karɓa, ni na jawo.

Sarkin Sauri dai ya zama babban mutum. Tafiya tara ya yi yanzu. Mai Murmushi ta ba abokan aikinta labari, har layi ake bi, mun liƙa takarda a bango kowa yana rubuta ranarsa. Wani tsohon matuƙi mai furfura, Kaftin, ya zaunar da shi a gabansa cikin ɗakin tuƙi. Kunkuru fa! Ni mai shi ko lifta mai kai mutane saman bene ban cika hawa ba.

Ya je wata hasumiya ta ƙarfe zalla, kamar turken lantarki da ya ƙi daina girma. Na tambaya me ake ajiyewa a ciki, aka ce ba komai, hawa kawai ake yi a leƙo gari a sauko. Ya je wata katanga da ke bin kan duwatsu tana hawa tana gangara har ido ya gaji. Na ce to ina ƙofar gidan da aka kewaye? Suka yi ta dariya, har yau ba wanda ya ba ni amsar da ta gamsar da ni. Ya je inda kogi guda yake faɗowa daga sama, aka ce mutum ba ya jin maganar na kusa da shi. Wannan kam na ce mun saba, su zo su tsaya kusa da inji na huɗu in yana matse zannuwa.

Amma kin san ni, hoto bai cika gaya mini komai ba. In ya dawo, sai in ɗauke shi in duba shi yadda nake duba rigar baƙo kafin wanki. Daga wajen kogin nan ya dawo da danshi a ciki, yana warin ganye. Daga katangar ya zo da wata ƙura mai laushi ruwan toka a ɗinkin wuyansa. Akwai inda ya dawo da yashi ja a ƙarƙashin maɓallin idonsa, akwai inda ya dawo da ɗigon wani abu mai zaƙi a ƙafa, na shinshina na kasa gane ko mene ne, abin yana damuna har yanzu. Shekaranjiya Dogo, mai naɗe zannuwa, ya ɗauke shi zai jefa a inji wai ya yi datti. Saura kaɗan mu raba hali. Duk yini ina cire datti daga kayan mutane, amma wannan ban yarda a taɓa shi ba, don ta nan nake sanin inda ya je.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Kin ce ranar Alhamis ta sama kowane yaro a ajinsu zai tashi ya yi bayanin aikin mahaifinsa, kuma Lauya ta sa kin wanko hotunan tara ta liƙa a littafi. Ke nan 'yata za ta tsaya gaban yara arba'in da malamarsu ta faɗi ƙaryata da bakinta. In wani ya tambaye ta ina Baban naki a hoton fa? In kuma na gaya mata gaskiya yanzu, me za ta tashi ta ce? Babana yana goge wandunan mutane a rami?

Mai Tabarau, wanda ke zama a teburin karɓar kayan wanki, ya ce abu mai sauƙi ne. Ya tsayar da ni jikin bango ya ɗauke ni, ya yi 'yan danne-danne a wayarsa, sai ga ni tsaye gaban hasumiyar ƙarfe. Kai, yaron zamani sai a bar shi! Sai dai ya manta silifas ɗin roba ne a ƙafata, kuma kowa a hoton yana cikin rigar sanyi, ni kaɗai nake zufa. Ya ce zai gyara. Ga shi nan na turo miki, ki ajiye, kada ki nuna mata sai na ce. Ban san abin da zan ce ba tukuna. Tsoro nake ji, uwar Lauya, tsoron ta daina yi mini irin kallon da take yi mini.

Ki sa ni a addu'a. Ki shafa mini kanta.

Naki har kullum,
Mai Guga

*

Uwar Lauya,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Ki yi haƙuri gaisuwar yau gajera ce.

Na ga hotunan shafukan littafinta da kika turo. Da farko ban gane ba, na ga dai ta zagaye wani abu da jan biro a kowane hoto. Sai da na buɗa da yatsa na ga hannun da ke riƙe da Sarkin Sauri take zagayewa. A ƙarƙashi ta rubuta da rubutun nan nata mai kwanciya: wannan da jan farce, wannan da zobe, wannan da gashi, wannan da agogo a dama. A ƙarƙashin kowanne kuma kalma biyu: babu tabo.

Wata uku ina kallon hotunan nan, ina kallon hasumiya da katanga, ko sau ɗaya ban kalli hannun ba. Ita kuwa shi take nema.

Kin ce tun hoto na biyu ta gane. Kin ce da kika tambaye ta me ya sa ba ta yi magana ba, sai ta ce kada a gaya wa Baba, zai ji kunya. Na karanta wannan layi a tsaye, na ajiye dutsen guga, na shiga bayan injin busarwa na zauna a kan kwandon tawul. Dogo ya leƙo ya gan ni, ya koma ya ƙarasa mini rigunan da suka rage. Yarinya 'yar shekara tara ta yi wata uku tana rufa mini asiri, ni kuma ina nan ina sa a liƙa ni a jikin hasumiya.

Ki goge hoton Mai Tabarau. Wasiƙar da ke biye tata ce, ki ba ta wayar ta karanta da kanta.

Mijinki,
Mai Guga

*

Zuwa ga 'yata Lauya,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya ƙawayenki, ya haƙorin nan da ke girgiɗi, ya fita? Ina fata kina taya Mama tsince zare in ta gama ɗinki.

Kada ki ga laifin Mama, ni ma ta riƙe mini magana, ke ma ta riƙe miki, har abin ya yi mata yawa. Lauya, ban je gidan da ya karkace ba. Ban je ko ɗaya ba. Na ce miki eh alhali a'a ce, kuma na yi kuskure. Ki yafe wa Babanki.

Tunda kin yi bincike, ga amsar tambayoyinki. Mai jan farce ita ce Mai Murmushi, ita ta fara ɗaukarsa. Mai zobe Kaftin ne, shi ke tuƙa jirgi, kuma ya ce Sarkin Sauri bai taɓa yin amai a sama ba. Mai gashi wani ne da ke raba abinci a jirgi, yana da 'ya sa'arki. Mai agogo a dama bahaguwa ce, shi ya sa. Sauran biyar zan tambayo miki su ɗaya bayan ɗaya. Dukansu sun san sunanki, kuma duk wanda ya dawo da shi sai ya tambaye ni me kika ce.

Akwai wuri guda da Sarkin Sauri ya fi zuwa, ban taɓa turo miki ba. Yana ƙarƙashin ƙasa, sai an sauka matakala talatin da takwas. Akwai inji mai cin zanin gado sittin a lokaci guda, yana da ƙofar gilashi zagayayya, kina ganin ruwa da kumfa suna kokawa a ciki. Akwai wani dogon abin guga mai naɗi, a sa masa zani a jiƙe ta nan, ya fito ta can a bushe sumul, har yau ban gama gane yadda yake yi ba. Kwat ɗin Kaftin da yake shiga jirgi da ita, ni nake goge ta. Daga kowace tafiya nan Sarkin Sauri yake dawowa, ya zauna kusa da kwalbar sitaci, in duba shi in ga inda ya je.

Ranar Alhamis ki faɗi abin da kika ga dama, in dai gaskiya ne. In kin fi so ki yi bayanin tafiye-tafiyen kawai, ba zan ji haushi ba ko kaɗan.

Ga hoto na goma. Dogo ne ya ɗauka, shi ya sa kaina ya ɗan yanke ta sama. Na bayana shi ne inji na huɗu, mai ƙarar nan. Da zai ɗauka ya ce in riƙe Sarkin Sauri da hagu, wai tabon zai ɓata hoto. Na ce masa a'a, da dama zan riƙe, kuma ya matso kusa sosai, akwai mai dubawa.

Ki gaida Mama da Inna. Allah ya yi miki albarka.

Ni ne,
Babanki