Ƙofar Bahago Tana Kuka

Litinin, 17 ga Maris

Tun shekarar da gobara ta cinye layin katako, muka wuni muna tsintar ƙusa a cikin toka, nake shugabancin ƙungiyar kafintocin nan. Ba a taɓa ce mini in zo in faɗi abin da na yi ba sai yau. Sakatare ne, ɗan marigayi abokina, yaron da na sha ɗauka a kafaɗa yana jiƙa mini wuya. Wai sabon tsari: duk wata uku a zauna, shugaba ya dubi abin da aka yi a baya, sannan ya faɗi abin da zai sa a gaba. "Baba, waiwaye adon tafiya." Na ce masa mai waiwaye da zarto a hannu yatsa yake bari a ƙasa. Ya yi dariya, amma bai janye ba. Taron ranar Asabar ta ƙarshen wata ne.

Laraba, 19 ga Maris

Na waiwaya ɗin. Ban yi makaranta ba, baƙaƙen nan ma a jikin katako na koye su, amma kaina bai yar da komai ba. Rufin kwanon layin nan, ni ne. Injin tsaga, ni na nace har aka kawo. Famfo, sulhu da masu kawo itace, duk na zayyana masa.

Ya ce, "Madalla, Baba. Amma waɗannan duk tun kafin in yi aure ne. Wata ukun nan fa, wa aka yaye?"

Ba a yaye kowa ba. Bara ma haka, bara waccan ma. To, laifina ne? A layinmu yaro ba ya buɗe rumfar kansa sai ya haɗa ƙofa, an kafa ta gaban manya, shugaba ya tura ta da yatsa ɗaya ya kasa kunne. Ta tafi shiru, an yaye shi. Ta yi kuka, ya koma bakin benci. Haka aka yi mini. Yaran yanzu duk ƙofarsu kuka take, wani siririn ƙiii kamar sauro.

Alhamis, 20 ga Maris

Yau Bahago ya kafa tasa. Ya zo hannuna tun bai kai tsayin benci ba, yanzu furfura ta fara leƙowa a gemunsa, 'ya'yansa na makaranta, har yau ana ce masa yarona. Ba wannan ne karo na farko ba.

Gaskiya ƙofar ta yi kyau. Mahaɗarta ko gashi ba zai shiga ba. Na tura. Ƙiii.

Na ce tana kuka. Ya ce, "Baba, don girman Allah a sake turawa." Na sake. Haka nan. Sakatare ya ce shi bai ji komai ba, na ce kunnen da ya saba da ƙarar biro ina zai ji katako. Sauran manyan suka sunkuyar da kai. Bahago ya kwance ƙofarsa da kansa, ya aza a ka, ya fita ko sallama babu.

Asabar, 22 ga Maris

Bahago bai zo ba. Gudumarsa na nan inda ya bar ta.

Litinin, 24 ga Maris

Sakatare ya ce Bahago ya yi magana da surukinsa mai motar kaya. Wata na kamawa zai fara bin mota, ɗora buhu da sauke buhu. Hannun nan! Hannun da ke fere katako kamar yana yanka sabulu.

Na ce ya tafi, ba shi ne na farko ba. Ashe dai ba shi ne ba. Cikin yarana da suka tafi, Gajere yana buga bulo. Mai-fito, wanda ba ya aiki sai da fito a baki, yana gadin wani shago. Na tuna ƙofar kowannensu har da launin katakon. Abinci bai shiga ba yau.

Talata, 25 ga Maris

Ina ɗiga wa ƙofar ɗaki mai, tsohuwa mai ɗakina ta fito daga kicin ta riƙe ƙugu.

"Malam, man gidan nan ka ƙarar. Ƙofar ɗaki kuka, ta kicin kuka. Rannan labule na ɗaga ka ce a sa masa mai."

Na ce ƙarya ne. Ta ce in rantse. Ban rantse ba. Na tambaye ta tun yaushe, ta ce ai an daɗe, ta yi shiru ne don ba a gaya wa tsufa ya zo, shi ke sallama da kansa. Na ce ai mata ba su san katako ba. Ta ce labule dai ba katako ba ne.

Laraba, 26 ga Maris

An ɗauke wuta da azahar, injuna suka mutu, kowa ya tafi neman abin taɓawa. Ni kaɗai a rumfa. Ba iska, ba mai motsi, ba ƙofa ko ɗaya a kusa.

Ƙiii.

Na toshe kunnuwana da yatsu. Sai ma ya ƙaru.

Na daɗe zaune a kan benci. Da suka dawo na ce ƙafa ce ke damuna.

Alhamis, 27 ga Maris

Na biya wurin mai shayin bakin layi, na tarar da sabon benci. Tun daga nesa na gane katakon. Bahago ya tsaga ƙofar tasa gida biyu ya sa mata ƙafafu. Mutane na zaune a kai suna gardamar ƙwallo, wani har ya zubar da shayi a jikinta. Mai shayi ya ce, "Baba, zauna mana, aikin yaronka ne, ko motsi ba ya yi." Na zauna a gefe ina shafa mahaɗar da babban yatsa. Shayin ya huce ban sha ba.

Ƙofar Gajere ma, wa ya sani ko ta yi kuka. Ta Mai-fito ma.

Juma'a, 28 ga Maris

Sakatare ya zo jin abin da zan faɗa gobe. Na ce na baya babu abin faɗa, wata uku ne aka yi ana tsaga katako. Na gaba kuma: daga yanzu ni zan tura ƙofa, manya uku su saurara, abin da suka ce shi ke nan. Na biyu, a nemo waɗanda suka tafi, duk mai so ya zo ya sake kafawa.

Ya dube ni, ya dubi kunnena, ya mai da kai ƙasa. Bai tambayi dalili ba. Allah Ya jiƙan ubansa, ya bar ɗa. Ya ce dai Gajere ba zai dawo ba, bulo ya karɓe shi. Na sani.

Ba wai kunnena ya lalace ba. Layi guda ne ya yi wa kunnen mutum ɗaya yawa.

Ban taɓa taka gidajen yarana ba, su ke zuwa gaishe ni. Gobe da sassafe, kafin taro, zan zaɓi katako mai kyau in sa a kura, in tura da kaina har ƙofar gidan Bahago. In ya ce ba ya nan, zan zauna a waje in jira.