Ƙafafun Sifikar Inna

Kunci,
Ranar Laraba.

Zuwa ga aminina Nababa,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya shago, yaya Dawanau? Mu nan lafiya lau, gero ya fara fitar da kai.

Albishirinka! Ka tuna sifikun da ka sayar mini saboda Inna, tunda kunnenta ya yi nauyi? Ƙafafun ƙarfen da na yi musu walda sun so su haukata ni. Da na ƙara murya sai su kama karkarwa a kan siminti, har ƙofa ta ɗauka. Inna ta ce ba ta jin karatun Alƙur'anin, sai ɓarin ƙarfe.

Sai na tankaɗe busasshen yashi na ɗura cikin bututun ƙafafun na toshe, na yanko robar tsohuwar taya na sa a ƙasa da kuma inda sifikar ke zama. Nababa, tsit! Inna ta saurari Suratu Maryam har ƙarshe tana hawaye.

Ga guda biyu nan na ba direba ya kawo maka. In sun yi maka, sai mu cika tsohon burinmu: ina ƙerawa, kana sayarwa. Ban nuna wa kowa ba sai kai.

Matata Tahira na gaishe ka.

Naka har kullum,
Mati

Kunci,
Bayan girbi.

Nababa,

Ina fatan kana lafiya. Na daɗe ina jiran amsarka, har nakan ce wa kaina ko ciwo kake yi.

Jiya na kai wake Dawanau, na biya ta shagonka. Na ga ƙafafun nan jere a bakin ƙofa, irin nawa sak, an rubuta sunanka da jan fenti. Wani ka ba ya ƙera. Da wannan kaɗai ne, da na haɗiye. Amma na ɗaga ɗaya na ji ta sakayau, babu komai a ciki, alhali da kunnena na ji kana rantse wa wani Alhaji cewa cike take da yashi, kuma dabararka ce.

Da ya tambaye ka ko wane ne ni, ka ce wani manomi ne daga ƙauyenku. Ni, da muka yi kiwon awaki tare, muka ci tuwo a kwano ɗaya. Ko zauna ba ka ce mini ba.

Ban faɗa wa Inna ba. Har yau tana sa ka a addu'a, kuma ba ni da ƙarfin hana ta.

Abin da ya kawo ni shagonka kuwa, Tahira ta sauka, namiji. Na zo ne in gaya maka da bakina cewa sunanka zan sa masa.

Ranar Asabar ne suna. Na riga na gaya wa liman, Jamil za a raɗa, ba sunanka ba.

Ka huta lafiya.
Mati