Zaren Gilas a Ƙwaryar Inna

Gwiwa, Janairu 1982

Zuwa ga ƙanena Haladu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Inna tana gaishe ka, maigidana ma haka.

Hoton takardar da gwamnatin Ingila ta ba ka ya iso. Na karanta wa Inna, na gaya mata an tabbatar kai ka ƙirƙiro rigar wayar tarhon nan da gara ba ta ci, zafi kuma ba ya fasa ta, kuma babu mai yin irinta sai da izininka. Ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Ga abin dariya. Ka tuna guntun wayar da ka bar mata tsaraba da ka zo hutu? Ta feɗe baƙar rigar da wuƙa, ta tarar da zare a ciki siriri kamar gashi, yana ƙyalli. Babbar ƙwaryarta ta nono ta tsage, sai ta ɗinke ta da shi. Ta ce in gaya maka zaren Turawanku ba shi da ƙwari, in ta ɗaure sai ya karye, da ƙyar ta gama.

Allah ya ƙara basira. Ka huta lafiya.

Yayarka,
Rahamatu

Ingila, Fabrairu 1982

Adda,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Abin da Inna ta yi ɗinki da shi gilas ne, Adda, gilas irin na kwalba. An ja shi ne ya yi siriri don haske ya bi ta cikinsa ya kai magana nesa. In ya karye yana barin tsini da ido ba ya gani. Yana shiga fata, in ya faɗa abinci mutum ya haɗiye bai sani ba. A wurin aikinmu ko shayi ba a yarda a shiga da shi ɗakin da muke yanka shi ba.

Don Allah ki karɓe ƙwaryar yanzu, ki haƙa rami mai zurfi ki binne. Tabarmar da Inna ta zauna a kai tana ɗinkin ki ƙone ta. Kada a share wurin da hannu. Ki duba yatsunta da rana. Ki gaya mini gaskiya, an zuba nono a ciki? Wa ya sha?

Ban taɓa zaton za a feɗe rigar ba, shi ya sa ban yi gargaɗi ba. Ki amsa da wuri.

Ƙaninki,
Haladu

Gwiwa, Maris 1982

Haladu,

Bayan gaisuwa. Wasiƙarka ta daɗe a gidan waya na Kazaure kafin a kawo mana. Duk tsawon lokacin nan, kowace ranar kasuwa da ƙwaryar Inna take fita, a ciki take dama wa mutane fura.

Na ƙone tabarmar. Ƙwaryar kuwa Inna ta hana ni, ta naɗe ta a tsumma ta tura ƙarƙashin gado. Babban yatsanta na dama ya kumbura, in an taɓa sai ta zabura.

Amma ba wannan ne ya hana ni cin abinci ba. Ka san Lauwali tela, mai keken ɗinki a bakin kasuwa? Ba ya fashin furar Inna. Makon jiya ciki ya murɗe shi, ya yi amai da jini, an kai shi asibiti a Kazaure. Da Inna ta ji sai ta zauna a ƙasa, ta ce, "Rahamatu, ni na kashe shi." Na ce, "Inna, da ransa." Ba ta ko dube ni ba.

Babu wanda ya sani sai mu. Maigidana ya ce mu yi shiru, wai in magana ta fita ba mai ƙara shan nonon gidanmu, kuma dangin Lauwali ba za su bar mu ba. Ni kuma ina tunanin likita yana can yana neman cutar da bai san tushenta ba. Kai ka san abin nan. Me za mu yi?

Rahamatu

Ingila, Afrilu 1982

Adda,

Ina gaisuwa. A gaya wa likita, yau ɗin nan. Na je wurin wani likita a nan, ya ce sau da yawa irin wannan tsini yana wucewa bai yi ɓarna ba, amma wani lokaci yakan yi, kuma da wuya hoton asibiti ya nuna shi. Ki ce musu ni na kawo abin gidan, sunana za a kira, ba na Inna ba.

Shekaranjiya aka gwada wayar a gaban manyan kamfani, magana ta fita tas. Suna ta miƙo mini hannu, ni kuwa fuskar Lauwali nake gani. Na nemi izinin zuwa gida, sun ce sai an gama shimfiɗa layin gwaji. Duk takardar da aka miƙo mini sai in zaci mugun labari ne daga gida.

Ki riƙe mini Inna.

Haladu

Gwiwa, Mayu 1982

Ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri. Inna ba ta jira amsarka ba. Ta ɗauki ƙwaryar ta hau mota zuwa Kazaure ita kaɗai, ta kwance tsumman a gaban likita da matar Lauwali, ta faɗi komai. An tsaga yatsanta an ciro tsinin.

An sallami Lauwali. Likita ya ce gyambon ciki ne ya daɗe da shi. Inna ta ce wa likitan ya rantse ba furarta ba ce, ya ce ba zai iya rantsuwa ba.

Ba ta koma kasuwa ba. Duk wanda aka ce cikinsa na ciwo a garin nan, sai ta tura ni in je in dubo shi. Ta ce in tambaye ka, kuma kada ka ɓoye mata: sai an kai yaushe za a ce sauran da suka sha furarta sun tsira?

Muna jiran amsa. Ka huta lafiya.

Rahamatu